Jirgin ruwa mai filafili: yadda yake tafiya, abin da riƙonsa ke buƙata, da tarihinsa a tafkin Cadi

Jirgin ruwa mai filafili shi ne wanda iska ke turawa. Filafili shi ne faffaɗan zanen nan da ake ɗaurawa a jikin doguwar sanda da ke tsaye a tsakiyar jirgi. Da Faransanci ana ce masa voile, jirgin kuma voilier. Ƙaramin irinsa, wanda mutum ɗaya ko iyali ke iya mallaka, tsawonsa kan kama daga mita 4 zuwa mita 8. Ana fita da shi da safe a dawo da marece, ko kuma a kwana ɗaya ko biyu a cikinsa idan yana da ɗan ɗaki.

Ga mutumin Gure, garin tuddan rairayi da kwaruruwan kanwa da dabino, maganar na iya zama tamkar tatsuniya. Babban ruwan da ya fi kusa shi ne tafkin Cadi, fiye da kilomita 400 gabas, idan aka bi hanyar Difa zuwa Ngigmi. Sai dai ƴan jihar Damagaram da dama sun daɗe suna cin abinci daga wannan tafki, wasu da kamun kifi, wasu da fataucin banda, kuma duk wanda ya taɓa riƙe kwale-kwale mai inji ya san cewa kuɗin mai ne ke fara cinye riba. Tambayar da ke tasowa ita ce: tunda iska kyauta ce, kuma tana kaɗawa da ƙarfi a yankin watanni da yawa, me ya sa filafili bai zama ruwan dare a tafkin ba?

Yadda iska ke tafiyar da jirgi

Abu huɗu ne ke haɗuwa: gangar jirgin, sanda da filafilinta, katakon juyi da ke baya, da wani allo da ke nutse a ƙarƙashin jirgin. Idan iska na tahowa daga baya, babu wata dabara, tana cika zanen ta tura jirgi gaba. Ko bargo aka ɗaga a kan gora zai yi wannan aiki.

Gwanintar tana farawa ne idan iska ta zo daga gefe ko daga gaba. A nan filafili na lanƙwashewa ya yi aiki irin na fiffiken jirgin sama: iskar da ke bi ta bayan lanƙwasar ta fi sauri, sai ta ja jirgin zuwa wajenta. Wannan ja rabinsa gaba ne, rabinsa gefe. Allon ƙarƙashi ne ke hana jirgi zamewa gefe, sai ƙarfin da ya rage ya kai shi gaba. Babu jirgin da ke iya fuskantar iska kai tsaye. Mai kyau yana iya matsowa har kusan digiri 45 daga inda take fitowa. Wanda ke son zuwa can sai ya yi ta karkata, dama sannan hagu, kamar jaki mai kaya da ke hawan tudu. Tafiyar kan ƙara tsawo sosai, amma ana isa.

Allon nan iri biyu ne. Akwai kafaffe mai nauyi, na ƙarfe ko dalma, wanda ke hana jirgi kifewa amma yana bukatar ruwa mai zurfin mita ɗaya ko fiye. Akwai kuma wanda ake ɗagawa a sauke da hannu. A tafkunan Sahel na biyun ne kawai ke da amfani, kuma za a ga dalili a gaba.

Gudun ƙaramin jirgi mai mita 6 ba ya cika wuce kilomita 8 zuwa 11 a awa, ko da iska ta yi kyau. Injin Yamaha da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale ya ninka haka.

Na yini da na kwana

Jirgin yini buɗe yake, ba rufi, mutum biyu ko uku ke shiga. Ba shi da nauyi, yana iya kifewa, kuma a makarantun koyon tuƙi darasin farko shi ne yadda ake miƙar da shi a cikin ruwa bayan ya kife. Na kwana yana da ɗaki a gaba mai wurin kwanciyar mutum biyu zuwa huɗu, da wurin ajiye ruwan sha da ɗan murhu.

A Faransa wannan abu na masu kuɗi ne har bayan yaƙin duniya na biyu. A 1951 wani mai zanen jirage, Jean-Jacques Herbulot, ya fito da Vaurien, mai tsawon mita 4 da ɗoriya, wanda aka yi da katakon falle-falle da kafintoci ke kira contreplaqué, domin ya yi araha ga matasa, kuma makarantar Glénans ta koyar da dubban mutane a kansa. A 1954 ya ƙara da Corsaire, mita 5 da rabi, mai ɗan ɗakin kwana. A 1963 Philippe Harlé ya zana Muscadet, mita 6.40, shi ma da wannan katako. Abin lura ga mai karatu a nan shi ne, kafinta na gari da ke da zane a hannu yana iya haɗa irin waɗannan. Katakon da suke bukata yana nan a kasuwannin Damagaram da Maraɗi, sai dai na ruwa daban yake da na kabad, don gam ɗinsa ba ya sakin jiki idan ya jiƙe.

Jirgin da ya ƙetare Sahara a bayan raƙumi

Tafkin ya san jirgi tun kafin a fara rubuta tarihi. A 1987 wani makiyayi da ke haƙar rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta Najeriya, ya ci karo da kwale-kwalen da aka sassaƙa daga itace guda, mai tsawon fiye da mita 8, wanda bincike ya nuna ya kai shekara 8,000. A zamanin da aka sassaƙa shi tafkin ya ninka na yau sau da yawa.

Jirgin Turawa na farko da ya hau tafkin kuwa ta hamada ya zo. A watan Maris na 1850 gwamnatin Ingila ta tura ayari daga Tarabulus ƙarƙashin James Richardson, tare da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Cikin kayansu akwai jirgin katako da aka ƙera a tsibirin Malta, aka yanka shi gida huɗu domin raƙuma su iya ɗauka. Haka aka bi da shi ta Murzuk da Ghat da duwatsun Abzin. Da suka iso Damargu a farkon 1851 sai mutanen uku suka rabu, bisa alkawarin haɗuwa a Kukawa, fadar Shehu Umar na Barno. Richardson ya zauna Damagaram, ya biyo ta Gure, wadda a lokacin ita ce fadar Muniyo, ya ci gaba gabas, amma bai kai ba: ya rasu a Ngurutuwa ranar 4 ga Maris 1851.

Overweg ne ya gaji jirgin. Aka harhaɗa shi a bakin tafki kusa da ƙauyen Maduwari, aka sa masa sunan Lord Palmerston, ministan harkokin wajen Ingila na lokacin. Daga ƙarshen watan Yuni zuwa Agusta na 1851 ya yi makonni yana yawo tsakanin tsibiran Budumawa, mutanen da ƴan gaɓa ke tsoro saboda hare-harensu, amma suka karɓe shi lafiya. Tafiyar tasa ta tabbatar da abin da masunta suka riga suka sani: tafkin faɗi gare shi, zurfinsa kaɗan ne, kuma babban ɓangarensa tsibirai ne da ciyayi. Zazzaɓi ya kashe shi a Maduwari ranar 27 ga Satumba 1852, yana ɗan shekara talatin. A watan Disamba na wannan shekara Barth, da ya rage shi kaɗai, ya ya da zango a Gure a kan hanyarsa ta zuwa Damagaram da Tambutu. Tare da shi akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Overweg ya ƴanta daga bauta, wanda daga baya ya je Ingila, kuma labarin rayuwarsa na cikin rubuce-rubucen Hausa na farko da aka buga da boko.

Waɗanda suka biyo baya ƙarfe da tururi suka kawo. A 1897 Émile Gentil ya shigo tafkin ta kogin Shari da jirgin tururi Léon Blot, kuma tsakanin 1906 da 1909 tawagar Jean Tilho, wadda ta shata iyakar Nijar da Najeriya, ta zana taswirarsa.

Kadai, da labarin Ra

Budumawa, waɗanda ke kiran kansu Yedina, suna da nasu jirgin: kadai, wanda ake ɗaurewa da dammunan ciyawar papirus, goshinsa a ɗage, bayansa a yanke. Da gora ake tura shi. Ba ya nutsewa farat ɗaya domin ciyawar kanta ke yawo a kan ruwa, amma yana shan ruwa a hankali, cikin watanni sai a ɗaura sabo. A da, da manyansa ake ɗaukar kanwa, har da shanu.

Abin mamaki, wannan jirgi marar filafili ne ya kai sunan tafkin cikin tarihin tuƙi da iska. Thor Heyerdahl, ɗan ƙasar Norway, ya so ya nuna cewa mutanen dā na iya ƙetare tekun Atlantika da jirgin ciyawa. Ya je Bol, a ɓangaren Cadi, ya ɗauko maɗaura kadai, suka ɗaura masa jirgi a Masar da papirus ɗin tafkin Tana na Habasha. Aka sa masa filafili, aka kira shi Ra. Ya tashi daga Safi a Maroko cikin watan Mayu na 1969, da Abdullah Djibrine ɗan Cadi cikin matuƙansa, ya yi tafiyar dubban kilomita kafin bayansa ya nutse, aka bar shi kafin ya isa tsibiran Karibiyan. Ra na biyu, wanda ƴan tafkin Titikaka na Kudancin Amurka suka ɗaura, shi ya kai Barbados a 1970.

Abin da ya hana filafili kafuwa

Na farko zurfi. A mafi yawan wurare tafkin bai wuce mita ɗaya zuwa uku ba. Inda gora ke taɓa ƙasa, mai gora ya fi kowa iko da jirginsa: yana tsayawa inda ya so, yana juyawa a ƙaramin wuri, ba ruwansa da inda iska ta fito. Allon ƙarƙashi kuwa laka yake kamawa, ko ya kwaso ragar wani.

Na biyu ciyawa. Hanyoyin ruwa tsakanin tsibirai matsattsu ne, ciyayi masu tsawo sun tsare iska ta kowane gefe, babu filin karkata dama da hagu. Akwai kuma kirta, tsibiran ciyawa masu yawo, waɗanda iska kan tura su toshe hanyar da aka bi jiya.

Na uku, tafkin ba ya zama wuri ɗaya. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, ruwa na zuwa har bakin Ngigmi. Farin 1973 ya raba shi biyu, kwarin kudu da kwarin arewa, da wani tudu mai ciyayi a tsakani. Kogin Shari, wanda ke kawo kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan, a kudu yake zuba. Ɓangaren Nijar na arewa sai abin da ya tsallako tudun, da ɗan abin da Komadugu Yobe ke kawowa. A wasu shekarun 1980 ya ƙafe ƙurmus, aka yi noma a inda ake su. Mutumin da bai da tabbacin ruwa baɗi ba zai zuba dukiya a jirgi mai tsada ba.

Na huɗu inji. Masunta Hausawa da suka kwararo tafkin, daga Kabi da Sakkwato da Haɗeja da sauran wurare, sun zo da kwale-kwalen katako da sabbin dabarun su, daga baya inji ya biyo, a lokacin da man Najeriya ke da arha ƙwarai. Kifi ɗanye ba ya jiran iska, ranar kasuwar Doro Lelewa ko ta Baga ma haka.

Wannan ba ya nufin filafili baƙo ne a Afirka ta Yamma. A kogin Kwara cikin Mali, wajen Mopti da tafkin Debo, manyan jiragen katako kan ɗaga filafilin da aka ɗinka da buhunan hatsi idan iska ta biyo bayansu. A Ganvié, kan tafkin Nokoué na Benin, mata da maza na yin haka da zannuwa. Irin wannan filafili mai kusurwa huɗu ba ya iya tafiya sai da iskar baya ko ta ɗan gefe, amma kusan kyauta yake, kuma yana hutar da damtse ko tankin mai rabin hanya. A ganin duk mai lissafi, shi ne ya fi dacewa da masunci, ba kwafin jirgin shaƙatawa na Turai ba. Tuƙin nishaɗi kuwa a biranen gaɓar teku ya tsaya, kamar Legas, inda aka kafa kulob ɗin masu irin waɗannan jirage tun 1932.

Iskar yankin

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ke kaɗawa daga arewa maso gabas. Tana da ƙarfi, tana da tsari: takan tashi da hantsi, ta lafa da la'asar. Wannan ne lokacin tuƙi mafi kyau, kuma ya zo daidai da cikar tafkin, domin ruwan Shari sai ƙarshen shekara yake kaiwa ƙololuwa, ya isa arewa bayan haka. Aibinta ƙura. Kwarin Bodele, ɗaya daga cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura a duniya, yana arewa maso gabashin tafkin, kuma ranar da hazo ya sauka mutum ba ya ganin tsibirin da ke gabansa.

Da damina iska na juyowa daga kudu maso yamma, mai taushi. Haɗarin yana cikin hadari: yakan taso daga gabas, iska mai tsanani na gabansa kafin ruwa ya sauka, cikin ƴan mintoci. Ƙa'idar matuƙa a ko'ina ita ce a rage filafili tun ana tunanin ragewa. Wanda ya ga gabas ta yi baƙi ya ce bari ya ƙarasa, shi ake tsamowa. Ruwa marar zurfi kuma igiyarsa gajera ce mai tsini, ta fi wahalar da ƙaramin jirgi fiye da doguwar igiyar teku.

Riƙo da kula

Sayen jirgi shi ne ƙaramin kashe kuɗi. A Sahel rana ce babbar abokiyar gaba: tana cin zanen filafili da igiyoyin roba, don haka ana naɗe su a rufe da zarar an sauka. Jirgin katako da aka bari a tudu da rani yakan bushe ya tsage, gara kuma na jiransa. Wanda aka bari a ruwa yakan ruɓe ta ƙasa. Maƙeran kwale-kwale na toshe tsaga da auduga ko tsumma da kwalta, kuma aikin na kowace shekara ne. Ƙarafan da ke riƙe sanda da katakon juyi su ake fara dubawa kafin kowace fita, domin idan ɗayansu ya karye a tsakiyar ruwa jirgi ya zama gungume. Gora da matuƙin hannu ba sa fita daga ciki, haka ma abin kwarfe ruwa.

Sai rigar kariya daga nutsewa, ɗaya ga kowane mutum. Haɗuran da suka fi kisa a ƙasar Hausa ba a teku suka faru ba. A Mayu 2021 jirgi ya nutse kusa da Warra a jihar Kabi da mutane fiye da ɗari, a ƙarshen Nuwamba na shekarar kuma wani ya kife a Bagwai ta jihar Kano, akasarin mamatan yara ƴan makarantar Islamiyya. Lodin da ya wuce kima da rashin rigar kariya su ake ambata kusan kowane lokaci. Jirgi mai filafili ya fi kwale-kwale saurin karkata, saboda haka adadin mutanen da aka ƙayyade masa ba abin ciniki ba ne.

Kwana a kan ruwa

Wanda zai kwana yana neman mafaka tun rana na sama, a gefen tsibirin da ke tare iska, ya jefa anka da igiya mai tsawon zurfin ruwan sau huɗu ko biyar, domin ta kwanta ta kama laka. Ba a kwana a bakin ciyawa: sauro na nan, kuma nan ne hanyar dorina idan za ta fita kiwo da dare. Gidan sauro, fitila da ake ratayewa don masu inji su gani, da ruwan sha na kwana biyu fiye da lissafi, su ne kayan farko. Ruwan gefen tafki inda ba ya gudu yana ɗauke da tsargiya, don haka wanka a wurin ba hutu ba ne. Kuma ana gaya wa wani a tudu inda aka nufa da ranar dawowa, tunda waya ba ta kamawa a ko'ina.

Halin da ake ciki

Duk wannan bayani ya ci karo da matsalar tsaro. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu, hukumomi sun umarci mazauna tsibirai su fice, aka kuma hana kamun kifi da cinikinsa, hanin da sai a 2019 aka ɗage. Har yanzu shiga tafkin na ƙarƙashin sharuɗɗan jami'an tsaro, masunta na biyan haraji ga masu bindiga a wasu wurare, kuma farin zane da ake hangowa daga nesa ba abin da mai hankali zai ɗaga ba ne a can. Yawon shaƙatawa irin na Overweg ba ya cikin lissafi a yau.

Lissafin mai kuwa ya canja. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram na aiki tun 2011, amma gaɓar tafkin da man Najeriya ta saba, kuma tun da aka cire tallafi a can a ƙarshen Mayu 2023 farashinsa ya ninka. Mai kwale-kwalen da ke ɗaukar itace, masara ko banda, kayan da ba sa lalacewa cikin yini ɗaya, shi ne wanda filafilin buhu zai fi yi wa amfani da hunturu, idan hanyarsa ta nufi kudu ko yamma.

Wanda ke son koyo daga Gure ba sai ya je Ngigmi ba. Tafkin Gidimuni na kan hanyar Damagaram, yana cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da su, haka ma na Lasuri, ga kuma na Madarunfa a jihar Maraɗi. Ƙanana ne, kacalla ta ci gefen wasunsu, ba su isa tafiyar kwana ba, amma sun ishi jirgi mai mita 4 da allo mai ɗagawa. Ruwan na da masu shi: sarkin ruwa da masunta da ma'aikatan gandun daji da ruwa, kuma da izininsu ake fara sa jirgi, a kuma tambaye su inda raga take.